Shanun Aro Sun Kai Mu Kwatano

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha fura cikin kwanciyar hankali ba. A lakwal, makarantarmu, tambaya, a bakin rijiya tambaya, har a sahun salla Haladu ya zungure ni wai da gaske ne teku ba ta da ƙarshe. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma bari in fara da abin da na ɓoye muku. Na bar ku kuna zaton ƙoƙarina a aji ne ya kai ni Kwatano. Ba shi ba ne. Wauta ce na tafka.

Kun san yadda daminar bara ta yanke ana tsakiyar bununi. A gidanmu kafin tsakiyar rani mun fara cin irin shuka. Sai wani proje na tallafin manoma ya aiko saurayi da tablet yana bin gida-gida yana ɗaukar hoto, don a zaɓi waɗanda za a ba irin gero mai saurin nuna. Ranar da ya zo, Kaka Barmu, kakana wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya tafi kasuwar Filinge. Ni ne namiji a gida. Da na ji an ce hoto, sai zuciyata ta ce mini har Yamai za a kai shi, manyan mutane su duba su ce ashe haka mu Kurfayawa muka tsiyace. Na ce wa saurayin ya ɗan zauna ya sha ruwa. Na zaga ta baya, na kwanto shanun noman maƙwabcinmu Alhaji Mamman guda biyu, da amalankensu, na tsayar da su tsakar gida. Na sa tabarau baƙi, na ɗora ƙafa ɗaya kan amalanke, na riƙe ƙugu kamar ministan noma.

Ya tambaye ni, “Rumbu nawa gare ku?”

Na ce, “Biyar.”

Ban yi ƙarya ba, biyar ne. Abin da ban faɗa ba shi ne huɗu daga ciki gizo-gizo kawai ke kwana a cikinsu. Na 'yan'uwan Kaka ne, biyu sun rasu, biyu sun tafi ci-rani tun kafin a haife ni ba su dawo ba. A gidanmu ba a rushe rumbun ɗan'uwa. Duk shekara Kaka yana yi musu sabon jinka, ya ce ranar da rumbun mutum ya faɗi ranar aka manta da shi.

Da aka liƙa sunaye a meri, ofishin magajin gari, babu Kaka. Ya je wurin saurayin, saurayin ya ce shi hoto kawai yake ɗauka. Ya je wurin shugabansu a Filinge, shugaban ya ce shi ma takardar aka aiko masa, na'ura ce ke duba hotuna ta zaɓa. Kaka ya ce to a kai shi wurin na'urar su gaisa. Aka ce tana wata ƙasa. Ya ce a kai shi wurin mai ita. Aka ba shi kujera, aka kawo masa ruwan sanyi. Da ruwan sanyi ya dawo gida.

Cikin wannan makon Mushe Isufu, malaminmu na Faransanci, ya sa mu rubuta labarin wani zalunci da muka gani da ido. Na zauna na zuba wa na'urar nan zagi shafi huɗu. Shanu kuwa ko wutsiyarsu ban ambata ba. Ashe Mushe ya san wata ƙungiya da ke tattara irin waɗannan labarai don wani taro a Kwatano, inda lauyoyi da 'yan majalisa da masu ƙera na'urori za su tattauna dokar da za a ɗora wa abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira. Bayan wata ɗaya takarda ta zo: suna son tsohon, suna son yaron da ya rubuta, za a saurari maganarsu a gaban waɗanda suka ƙera na'urar. Kowa ya yi murna. Ni kuwa sai na tuna da shanun aro.

Mun tashi ran Lahadi, ni da Kaka da Mushe, ana saura kamar mako uku ruwan shuka ya sauka. Lahadi kuwa kasuwar Baleyara ce. Motarmu ta shiga cikin garken shanu da raƙuma ta maƙale. Wani bijimi ya zuro kai ta taga ya kalle ni ido cikin ido, na rantse ya san abin da na yi wa 'yan'uwansa. Wata Bazabarmiya ta miƙo mana kopto, kwaɗon ganye, tana “Fofo, fofo,” Kaka ya saya ya raba uku, ya ba ni mafi ƙanƙanta.

“Tsoho, wannan ai ko kaza ba ta ƙoshi da shi.”

“Mai shanu biyu da amalanke mi zai yi da ganye?” in ji shi, yana kallon waje.

Na ce a raina shanun kasuwa yake nufi, na ci gaba da cin kopto.

A Yamai muka shiga babbar kar, wato bas, irin mai kujera tana kwanciya da kai. Na kwantar da tawa har na tsinci kaina a cinyar wani jandarma mai ritaya, ya ɗaga ni da yatsa ɗaya. Muka wuce Doso, muka isa Gaya. Nan na ga kogin Kwara sosai. Ku da ke alfahari da tafkin bayan gari, ku yi mini shiru. A lokacin gada a rufe take, sai da jirgin kwalekwale. Aka loda mu, mu da buhunan albasa da akuya da firiji. Na gaya wa kowa na iya iyo. Da jirgin ya yi ɗan tangaɗi sai ga ni rungume da akuyar, ita tana kuka ina salati.

Kafin mu taso, Inna ta ce in ɓoye takarduna inda ɓarawo ba zai kai hannu ba. Na sa kartidantite, wato katin shaida, da na rigakafi cikin safa, kwana biyu ban cire takalmi ba. A ƙetaren kogi ma'aikacin iyaka ya ce takardu. Na durƙusa na zaro. Ya karɓa da kan yatsu biyu, ya miƙe hannunsa iyakar tsawonsa, ya karanta daga nesa, ya buga hatimi da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Mushe ya ce ni kaɗai ne ban yi layin minti biyu ba.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Itatuwa suka yi ta tsawo har na gaji da ɗaga wuya. A Paraku muka ci sakwara da wagashi, cukun Fulani ne soyayye, ja a waje fari a ciki. Matan can ba sa jin kunyar ciniki, wata ta kira Kaka “mon cheri” ta ƙara masa nama, ya gyara rawani ya ce ai tun yana saurayi a hanyar Kumasi haka mata ke yi masa. Muna cikin ci sai hadari ya taso, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka ruga cikin rumfa. Kaka ya fita ya tsaya, ya buɗe tafin hannu, ya daɗe bai motsa ba.

“Wanga ruwa arewa za shi,” ya ce da ya dawo. “Mu muna kudu, shi yana tahiya gida. In ya riga mu, da mi za ni shuka?”

Ban iya ƙarasa sakwarar ba.

Kwatano kuwa, Haladu, ka ɗauki duk kabu-kabun duniya ka sa musu riga rawaya ka sake su lokaci ɗaya. Otel ɗin da aka sauke mu hawa tara ne. Akwai wani akwati, asansar, kana shiga a ƙasa ƙofa ta rufe, ta buɗe ka ga kanka a sama. Sau goma sha ɗaya na hau shi ranar farko, har mai gadi ya fara gaishe ni da suna. Famfon wanka ba a murɗa shi, hannu kake miƙawa ya gan ka ya zubo ruwa. Kaka ya yi alwala da shi, ya ce masa “Madalla.” Abinci kuwa jere yake, ba mai zuba maka, ba mai harararka. Na tara tuwon masara da kifi da abarba da burodi a faranti ɗaya har ya yi tsayin rumbu. Akwai wasu jajayen ƙwari masu gashin baki, na ce ba ni ci. Kaka ya ɗanɗana ɗaya ya ce, “Hwara ce ta koyi iyo,” ya cinye rabin tire.

Da la'asar Mushe ya kai mu bakin teku. Nan kam ƙarya ta ƙare mini, don babu abin da zan ƙara. Ruwa ne ya tashi tsaye yana tahowa yana ruri, ya faɗi a ƙafarka, ya koma, wani ya taso, kuma Mushe ya ce tun da aka yi duniya bai huta ba. Jiragen da ke can nesa kowanne ya fi unguwarmu girma. Kaka ya tsoma yatsa ya lasa, ya tofar.

“Ikon Allah. Duk wanga ruwa, ba ya tsirar da ƙwayar gero guda.”

Washegari da safe muna karin kumallo wata mata mai gajeren gashi ta zo teburinmu ta gaishe da Kaka har da ɗan rusunawa. Sunanta Madam Odil, tana cikin waɗanda suka ƙera na'urar. Na zata zan ga mai ƙaho, sai ga mace mai fara'a da tabon biro a yatsa. Ta ce ta karanta rubutuna, ta je ta binciko abin da na'urar ta gani a gidanmu. Ta juyo mini tablet.

Ga ni nan. Tabarau, ƙafa kan amalanke, shanu biyu, rumbuna biyar a baya.

Ta ce da Faransanci, “Hoton gidanku ne, ba ni da ikon nuna shi a zaure sai da izininku. In kun ƙi, ba wanda zai gani. Amma in aka tambaye ni dalilin na'urar, ba zan ce ba ta da dalili ba.”

Kaka ba ya jin Faransanci, ni ne tafintansa. Ina iya ce masa tana tambaya ne ko shayi ya yi daɗi. Mushe ya zuba mini ido. Na duba tsohon nan da ya tsaya cikin ruwan Paraku da hannu a buɗe, na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Na tura masa tablet, na faɗa masa komai, kaina a ƙasa.

Ya duba hoton ya daɗe. “Tabaran wa ka ara?”

“Na Haladu.”

“Bai yi maka kyau ba.” Ya kurɓi shayi. “Salihu, kai kana zaton shanu na shiga gida su hita ba su bar shaida ba? Ran nan da na dawo kasuwa, a kan kashinsu na taka. Jira nike in ga ranar da bakinka zai buɗe. Ashe sai an kawo ka bakin teku.”

“Kaka, in aka nuna, cewa za su yi laifinmu ne. Ba za su mai da sunanka ba.”

“A nuna. Ban zo nan da ƙarya ba, kai ka zo da ita.”

A ƙofar zauren akwai na'ura mai duba fuska ta buɗe maka. Ta buɗe wa Mushe, ta buɗe mini. Ta ga Kaka da rawani da tsagen fuskarsa ta yi ja, ta ƙi. Wani mai gadi da ke tsaye gefe ya dubi takardarsa, ya dubi fuskarsa, ya danna wani abu ta buɗe. Kaka ya ja rigata. “Ka gani? Wagga an aje mata mutum kusa.”

Zauren zai ɗauki kasuwar Bonkuku da dabbobinta. Kowa da abin sawa a kunne, mai magana na yi da Turanci kana ji da Faransanci. Da farko Madam Odil ta nuna aikin na'urar a wani allo mai faɗin bangon masallaci. Sai ga ƙasar Kurfai daga sama. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ga kwarin dallol, ga hanyar Filinge kamar zare, ga ƙauyuka. Ta danna, cikin ƙiftawar ido kowane rumbu ya sami ɗan da'ira ja, dubbai, har inda ido ya kai. Abin da mutum zai shekara bisa jaki bai gama ƙirgawa ba. Ta nuna yadda take gane gonar da tsutsa ta kama tun mai gonar bai lura ba. Kaka ya cire abin kunne ya ce, “La'ilaha illallahu. Ɗan Adam ya kai nan?”

Aka yi ta muhawara. Wata lauya ta ce duk na'urar da za ta yanke hukunci kan abincin mutum ko aikinsa ko 'yancinsa, dole a gaya masa na'ura ce, a faɗa masa dalili, a ba shi wurin kai kuka. Wani mai kwat ya ce in aka cika sharuɗɗa aiki zai yi nauyi, ga shi na'ura ba ta karɓar cin hanci, ba ta da suruki. Da na fassara wa Kaka ya gyaɗa kai ya ce wannan kam ya yi gaskiya, ya ga rabon da aka yi da hannu, surukai suka ƙoshi.

Sai aka kira mu. Aka saka hoton. Kaina a allon ya kai girman bukka. Zaure ya fashe da dariya, har masu fassara a cikin ɗakinsu na gilashi ina ganin kafaɗunsu na rawa. Na tsaya gaban makirfo, na ce shanun na aro ne, ni na kawo su don kada a raina gidanmu, kuma na ɓoye hakan a rubutuna. Mai kwat ya buɗe hannu ya ce to ai magana ta ƙare, an ba na'ura ƙarya ta yi aiki da ita.

Kaka ya tashi. Ya ce mini, “Hwaɗa musu daidai yadda na ce. Kar ka sa gishiri.” Sai ya kama kunnena, a gaban 'yan majalisar ƙasa nawa, ya murɗa.

“Wanga yaro ya yi wauta. Ga kunnenshi, na san inda yake, na kama. Garinmu in jakinka ya shiga gonata, ba jaki nike kai wa mai gari ba, kai nike kirawa, don kowace dabba da shaidar mai ita a jikinta. Taku dabbar ta shiga gidana ta cinye mini iri. Na yi yawo ohis-ohis ina neman mai ita, ruwan sanyi aka ba ni. Ina shaidarta? Kunnen wa za ni kamawa?”

Ina fassarawa kunnena na hannunsa. Dariya ta ɗauke.

“Ta ƙirga rumbuna biyar, ta ƙirga daidai, ta hi ni ido. Amma ku dubi hoton. Ƙarƙashin wane rumbu kaji suke?”

Kowa ya ɗaga kai. Ni ma ban taɓa lura ba. Kajin Inna duka suna ƙarƙashin rumbu ɗaya, na gefen hagu. Sauran huɗun ko tsuntsu babu.

“Kaza ta san inda hatsi yake. Yaron goye a garinmu ya sani. Ba na ce ku kashe na'urarku ba, abin mamaki ce, na gani da idona. Ku aje mata mutum kusa, mai suna, wanda in ta ce a'a zai zo ya ɗaga hular rumbu ya leƙa.”

Ya saki kunnena ya zauna. Aka yi tafi har na ji a cikin haƙorana. Madam Odil ba ta tafa ba, rubutu take yi da sauri. Da aka tashi ta zo ta rubuta sunanta a takarda ta ba Kaka, ta ce a gaya masa kafin a sami doka, ga kunne ɗaya.

A hanyar dawowa ba mu yi hira sosai ba. Kowane gari muka wuce Kaka sai ya leƙa ya ga ko ƙasa ta jiƙe. Ta jiƙe a Kandi, ta jiƙe a Gaya, a Doso an fara shuka. Kwalbar ruwan teku da na ɗebo muku ta fashe cikin jaka tun a Paraku, shi ya sa wandona na salla ya yi farin gishiri. Ku daina cewa ban je ba.

Ga yadda abin ya ƙare. Doka dai ba a yi ta ba tukuna, Mushe ya ce takarda aka rubuta aka aika wa majalisu, kuma irin wannan yana ɗaukar shekaru. Kwana goma sha biyu da dawowarmu wani ma'aikacin proje ya zo da kansa, ni na riƙe masa tsani, ya leƙa rumbunan ɗaya bayan ɗaya, ya fito da yanar gizo-gizo a gashi. Ya bi sauran gidajen da aka tsallake a garinmu, aka mai da sunan Kaka da na wasu. A jikin takardar meri yanzu akwai sunan mutumin da za ka nema in ba ka yarda ba. Amma ruwa ya riga iri zuwa da kwana tara. Rabin gonar mun shuka da wanda Alhaji Mamman ya ba mu, ya ce ladan shanunsa da suka yi suna a ƙasar waje. Rabin kuma ya jira na proje. Da kaka mun cika rumbu ɗaya da rabi. Sauran suna nan wayam, kuma bana ni Kaka ya sa na yi musu jinka, ni kaɗai, duka biyar.